Ladanin Ƙarfe

Shekarar da gyaɗa ta ƙi, gero ya bushe a tsaye, abin da gidan Tasi'u suka tsira da shi daga gonarsu ta bayan garin Kunci bai wuce wake ba. Shi ma ba na ci ba ne, iri ne. Kafin Tasi'u ya tafi cin rani, ya samo tsohon duron mai, ya wanke shi tas, ya shanya, ya ɗura waken har kusa da wuya. Ya naɗe bakin da robar tayar keke, ya murɗe marfi, ya liƙe da kwalta. Sannan ya durƙusa gaban mahaifiyarsa.

"Inna, amanar duron nan tana hannunki. Kada a buɗe sai ruwan shuka ya sauka. In iska ta sami hanyar shiga, ƙwari za su cinye shi, mu yi biyu babu."

Inna Kaltume yanar ido ta rufe mata gani, amma kunne, sai dai a ce ma sha Allah. Ko kaza ta taka tabarma a zaure sai ta tambayi wane ne.

Washegari da azahar, duron da ke jingine da katanga a tsakar gida ya ce gam! Tsohuwa ta zabura da a'uziyya. Da magariba kuma ya ce gum, a hankali. Ta rantse ɗanta ya kulle aljani da wake ya tafi ya bar su da shi. Sai da Malam Abdulƙadir, abokin Tasi'u da ke koyarwa a firamare, ya shigo gaishe ta, ya yi dariyarsa ya ƙoshi.

"Inna, iskar da ta rage a ciki ce. In rana ta gasa ƙarfen, sai ta kumbura, ta nemi hanyar fita ta rasa, ta tunkuɗo saman duron. In gari ya yi sanyi sai ta tsuke, iskar waje ta danna shi ciki."

"Iskar da ba a gani ce za ta lanƙwasa ƙarfe?"

"Ita ke ɗauke da ni a tayar kekena. Ki riƙe wannan, Inna: muddin yana kuka, a liƙe yake. Ranar da kika ji rana na ƙuna ya yi shiru, to ya sami kafa."

Daga nan ta sa masa suna Ladan. In ya buga ta ce wa surukarta, "Sauda, zubo min ruwan alwala, ladaninmu ba ya makara." Ranar da rana ba ta yi ƙarfi ba kuwa ba ya cewa uffan, ta ce yau ladan yana mura. Abin da ta tsana da farko ya zama shi ke kwantar mata da hankali.

Bazara ta shigo da yunwarta. Rumbu ya koma ɗakin ɓeraye, su ma sun yi ƙaura. Aka dawo kunun dusa da miyar kuka tsararo. Rahmatu, jikar Inna da ba a daɗe da yayewa ba, ta kama kuka irin wanda ba ya da ƙarfi, mai cin rai. Ita kanta Inna ƙafafunta suka fara nauyi, ba ta dai faɗa ba.

Can sai ta ji muryar ladan ta sauya. Yana bugawa a kan lokaci, amma ƙarar ta bushe, ba ta da zurfin nan da ke ratsa ƙirji. Ta ce ko kunnen ne ya bi sahun ido. Ta bar zancen, don a kwanakin nan yarinya ta daina kuka, miya ma ta yi ɗan kauri.

Sai wata rana gari ya tashi da lumshi. Hadari ya haɗu tun hantsi, ba ruwa, ba rana, iska mai sanyi tana kaɗa labulen ɗakinta. Inna ta taɓa ƙyauren langa-langa ta ji shi sanyi ƙalau. Tana cewa a ranta yau ladan zai yi mura, sai ta ji gam!

Gabanta ya faɗi. Ta ɗaga murya ta kira surukarta.

"Sauda, zo. Taho min da taɓaryar da ke hannunki."

Sauda ta shigo ta durƙusa. Ta miƙa mata taɓaryar.

"'Yar nan, ladanin nan da rana yake aiki. Yau wa ya ba shi rana?"

Sai Sauda ta fashe da kuka. Ta ce ta fasa kwaltar ne ranar da Rahmatu ta kasa tsayawa da ƙafarta. Tafi guda take ɗiba, ta daka, ta zuba a miya. Robar ta yage, marfin ya ƙi kamawa, duro ya yi shiru, shi ne take buga masa taɓarya don kada hankalin Inna ya tashi.

"A miya kika ce?"

"E, Inna. Na ga ƙafafunki ma."

Inna ta shafa ƙafarta, ta ji kumburin ya saɓe. Kunya da tausayi suka rufe ta lokaci guda. Ashe mai gadin ma da ita aka ci.

Ta sa aka kai ta gaban duron. Ta zura yatsu, ta zaro 'yan ƙwayoyi, ta murza su ɗaya bayan ɗaya tana neman hudar ƙwari. Guda ɗaya ta samu. Da sauran rabo, in an hanzarta.

"Kawo kwano. Cika shi, ki ƙara wani."

"Inna, in mai gidan ya dawo fa?"

"Ni ya ba amana, ni kuma na ce ki ɗiba. In ya tambaya, abin da zai ji ke nan, kuma ba ƙarya na yi ba."

Malam Abdulƙadir ya kawo wata robar da la'asar, bai tambayi komai ba. Suka narka ragowar kwalta a kasko, aka murɗe marfi, aka liƙe.

Washegari rana ta fito da ƙarfinta. Tun hantsi Inna ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a inuwar katanga. Ta ɗora taɓarya a cinyarta, ta kama hannun Sauda ta riƙe. Rahmatu na gefe tana lasar ludayi. Inuwa ta yi ta janyewa, zufa na bin wuyansu.

Gam!

Ƙarar ta ratsa ƙirjin tsohuwa har ciki. Ta saki hannun Sauda, ta miƙa mata taɓaryar.

"Ungo, mai da ita gindin turmi. Ki zubo min ruwan alwala."