Shirun Talha

Da Talha ya dawo Malumfashi daga karatu a ƙasar waje, ya taho da wata ɗabi'a da ya gani wurin wasu masu bauta da suka ƙaurace wa duniya. Ya rabar da rigunansa, ya rage fita, kuma ya ɗora wa kansa shiru daga asuba zuwa azahar. Ya hana matarsa Shafa'atu faɗa wa kowa, don gudun riya.

A zaure yake zaman shirun.

Ana haka Gwaggo Hajjo, yayar mahaifinsa wadda ta goya shi bayan rasuwar uwarsa, ta zo daga Gozaki jinyar 'yarta a unguwarsu. Da hantsi ta leƙo.

"Ɗan nan, an tashi lafiya? Ya gajiyar boko?"

Talha ya ɗaga hannu, ya yi murmushi. Idonta ya yi rauni, ba ta ga murmushin ba. Ta jira, ta sake gaisuwa, sannan ta ajiye masa ƙullin daddawa ta fita. Ya yi niyyar zuwa wurinta da yamma, sai ya bar wa gobe. Washegari ma da ta zo haka aka yi.

Rana ta uku ta shigo da Malam Maiwada, limamin unguwa. Ta dafa bango, ta durƙusa a gaban Talha.

"Malam, ka zama shaida. Gaba ba ta wuce kwana uku tsakanin Musulmi. Ni ban san abin da na yi masa ba. Na yi ta tunani, ko don na zo da ƙazamin zane ne, ko warin daddawa. Ko mene ne, ka ce ya yafe mini. Na tsufa, kada in tafi da haƙƙinsa."

Talha ya zabura ya kama hannunta.

"Gwaggo, don Allah tashi. Ba gaba ba ce. Shiru nake yi, don natsuwar zuciya."

"Ashe da baki," in ji Shafa'atu daga bayan labule.

Liman ya sunkuyar da kai. Hajjo ba ta tashi ba.

"To ta natsu?" ta ce.

Talha ya zame daga buzun da yake kai, ya durƙusa ƙasa da ita, ya fara gaisuwa tun daga farko: kwana, gajiya, mai jiki, mutanen Gozaki, damina. Tana amsawa ɗaya bayan ɗaya, a gajarce, kamar mai amsa wa baƙo.

Da ya gama ta miƙa wa liman kan sandar da take dogarawa, ya ɗaga ta. Talha ya ce zai raka ta.

"Zauna, Malam Talha," ta ce. "Kada in katse maka ibada."

Tun yana goye ba ta taɓa kiransa Malam ba. Ya ɗauki takalmansa ya bi bayanta, ba ta waiwayo ba.