Fanka Uku a Shagon Hashimu

Ku yi mini afuwa. Ban taɓa rubuta labari ba, karanta na wasu kawai na iya, kuma ko wannan sau uku ina yaga shafin farko. In kun ga inda na yi tuntuɓe, ku tsallake.

A Matameye, bayan tasha, akwai ɗan shagon Hashimu, inda samari ke zuwa buga wasan ƙwallo a ordinater, wato kwamfuta. Injin ya tsufa. In ƴan wasa suka taru a bakin raga sai hoton ya tsaya cak, kafin ya dawo an riga an ci mutum. Samari suka fara janye jiki. Hashimu ya faɗa a tsakar gida cewa zai yi wa injin gyara na ƙarshe, in bai tashi ba ya rufe shagon ya bi motar Jado haƙar zinariya. Ƙanwarsa Najaha tana tankaɗe ta ji. Ta san mutum huɗu a unguwarsu da suka tafi Jado, ɗaya ne ya dawo.

Ranar Laraba sababbin kayan injin suka iso daga Kano, kwali biyu, kuma ɗan kasuwar da ya kawo su ya juya da tsofaffin a musaya. Najaha ta kai wa yayanta abincin rana, ta tarar da injin a buɗe bisa tebur, Lawwali mai gyaran salula tsaye a kansa da turnabis na kwance kusoshi.

Ta manta da kwanon da ke hannunta. Lawwali ya ɗago wani baƙin faifai da ya kira kart mer, wanda komai na injin ke hawa kansa, ita kuwa gari ta gani. Ga tituna siririya fiye da gashi, ga gidaje masu hawa, ga rumbuna a jere. Wane irin hannu ne ya zana wannan bai karkace ba? Daga kwali na biyu aka ciro kart girafik, mai zana hoton wasa, mai nauyi kamar bulo, da fanka uku a bayansa. Sule, abokin Hashimu, ya ce, “Wallahi ɗakinmu bai da fanka ko ɗaya, wannan shi kaɗai uku!”

A ƙasan kwalin akwai ɗan littafi. Masu gyara a garinmu ba sa buɗe irinsa, don a ga mutum yana duba takarda kamar ya ce bai iya ba ne. Lawwali ya wurga shi bakin ƙofa, ya ce a ba mai awara ta naɗe wa yara. Najaha ba ta iya wuce rubutu a ƙasa. Ta ɗauka, ta raɓe bayan ƙyaure.

Aka haɗa komai, Hashimu ya yi bismilla ya danna. Injin ya yi ƙugi, amma ekaran, gilashin da ke nuna hoto, baƙi ƙirin, fankokin nan uku ko motsi.

“Datti ne,” in ji Lawwali. A wurinsa duk abin da ya ƙi tashi datti ne, haka yake tayar da salula. Ya cire kart ɗin, ya hura, ya goge da burushin haƙori, ya mayar. Shiru. Ya sake. Shiru.

“Injiniya, ko a kawo maka sabulu da soso?” Sule ya tambaya.

“Kai da ko batirin tocila ba ka iya sa wa daidai ba, rufe mana baki.”

Hashimu bai yi dariya ba. Ya zauna bisa benci yana kallon ƙasa, can ya ce a hankali, “Sule, motar Jadon nan ranar Asabar take tashi, ko?”

Najaha tana shafi na shida. Faransancin ba wuya, ga kuma zane: kart mai fanka ukun nan yana da ƙofarsa ta wuta a gefe, mai ramuka takwas, kuma sai an ja masa waya tasa daban. Tsohon bai da wannan ƙofa, shi ya sa babu wanda ya neme ta. Ta leƙa. Ga ramukan can, babu komai a ciki.

“Yaya…”

“Ajiye kwanon, Najaha, ba na jin yunwa.”

Lawwali ya waiwayo ya dube ta, Sule ma haka, sai ta koma bayan ƙyaure.

Da aka kira la'asar Hashimu ya ce ta tsare shagon, suka fita. Ta matsa gaban injin. In ta ƙona abin fa? Ta zare wayar bango tukuna, kamar yadda littafin ya ce. A lungun akwatin injin ta ga damin wayoyi an ɗaure su da robar tayar keke, an cusa baya tun shekarun da babu abin da ke buƙatarsu. Robar ta ruɓe, tana taɓawa ta tsinke. A cikinsu akwai mai baki shida da wani ƙarami mai biyu a maƙale. Ta haɗa su, ta gwada, suka ƙi. Ta juya, ta danna da yatsu biyu, ta ji ƙas. Ta mayar da wayar bango, ta koma bayan ƙyaure. Kunnawa kam ba ta iya ba.

Suka dawo. Lawwali ya sunkuya ya yi wata hurawar don kada a ce bai yi komai ba, ya danna.

Fanka ta farko ta juya, ta biyu, ta uku. Ekaran ya kawo haske.

Sai da Lawwali ya ɗan jima yana saka abubuwan da sabon kart ke buƙata kafin aka buɗe wasan, kuma da filin ya bayyana kowa ya matso kusa. Ciyawar da suka sani koren shimfiɗa ce kawai, yanzu ɗaya-ɗaya take, tana kwantawa in an taka ta. Gumi na ƙyalli a goshin ɗan wasa. Inuwarsa na binsa. Can sama cikin ƴan kallo wani yana kaɗa tuta, kowa da fuskarsa. Ƴan wasa suka cika bakin raga, hoton bai ko gezau ba.

“Ikon Allah,” in ji Sule, da murya ƙasa-ƙasa. “Ashe haka suke da ma, mu ne ba ma gani?”

Najaha ma abin da ke ranta ke nan. Duk wannan duniya tana cikin akwatin tun can, tana jiran waya ɗaya.

“Na faɗa muku datti ne!” Lawwali ya daki ƙirji.

Masu wucewa suka fara cunkushe ƙofa. Hashimu ya share ido da bayan hannu, ya jawo benci gaba, ya ce, “Sule, ranar Asabar akwai gasa a nan, ka sanar da kowa. Kai, ina abincin nan? Yunwa nake ji.”

Najaha ta tura kwanon kusa da ƙafarsa, ta ja mayafinta, ta bi ta ƙarƙashin hannun wani dogo da ke leƙe, ta fice.