Rabin Lemon Tsami

Bargo ɗaya. Bokitin roba. Kwalin littattafai ɗaure da igiya. Agogon tebur. Kwalbar yajin mangwaro da saura kaɗan a gindi. Kayan da Sunaina ta kwaso daga ɗakin hayarta na Kota ke nan, kuma duk suna ƙarƙashin kujerarta, jirgin ƙasa yana ta kaɗa su.

Shekara biyu ta yi a garin tana shirin jarrabawar shiga makarantar injiniya. Sakamakon zaman Janairu ya fito, ba ta kai ba. Akwai zama na biyu a Afrilu, amma ita ta riga ta gama shawara. Ta bari.

Da hantsi ta isa garinsu, Arrah. Mahaifinta Brijnandan yana bayan shagonsa na kayan zaƙi, gaban kasko, tawul a kafaɗa. Ya dube ta, ya dubi bokitin.

"Injiniya, har da bokiti?"

"Har da shi, Baba."

"To. Riƙe ludayin nan, hannuna ya gaji."

Ta karɓa. Ta tsaya tana juya ruwan sukarin da za a tsoma jalebi a ciki, wani soyayyen kayan zaƙi mai kama da alkaki. Da ya fara kauri ta miƙa hannu za ta sauke.

"Ke! Haka ake yi a Kota? Ina lemon?"

Ya yanka lemon tsami, ya matse rabi a kaskon.

Tun tana ƙarama take ganin ana yin haka, ba ta taɓa tambaya ba. Yau ta tambaya.

"In ba a sa ba, da ya huce sai ya koma gida," in ji shi. "Ya sake zama tsakuwa, jalebi ya yi ta gurzar haƙori. Tsami ne ke ɓatar masa da hanya."

Ludayin ya tsaya a hannunta.

A ƙarshen littafin kemistiri akwai babi a kan sukari da furotin da sauran sinadaran jikin mai rai. A ajinsu babin likitoci suke kiransa. Wai hadda ce zalla, mai son injiniya ba ya ɓata lokaci a kai. Ta taɓa leƙa shi sau ɗaya, a gurguje. Ranar jarrabawa tambaya biyu suka fito daga cikinsa, ta bar su fanko. Ɗayar a kan abin da tsami ke yi wa sukari ce.

"Baba, rabewa yake yi. Biyu ne manne da juna, tsamin ya raba su." Ta dafe goshi. "Gulukos da... wai, na manta ɗayan."

"Ni dai ban san sunayen 'ya'yansa ba. Shekara talatin muna tare, bai gabatar min da su ba."

Dariya ta ƙwace mata, ta farko tun Janairu.

Ya nuna tukunyar madara da haɓa. "Wannan fa? Na zuba tsami ta tsinke, cuku gefe ruwa gefe. Shi ma yana littafinku?"

"Yana ciki. Furotin ne ke warwarewa."

"In ya warware, ya dawo?"

"Ba ya dawowa."

"Ai na sani, gwada ki nake. Ashe wurin mai jalebi ya kamata a kai ki tun farko."

Ta tsinke igiyar kwalin, ta zaro littafin. Duk shafukansa sun yi baƙi da rubutun biro, ban da goma sha takwas na wancan babin. Fes suke. Ta karanta layin farko a tsaye, tururi na dukan fuskarta, ta ga kusan rabin abin da ke ciki a ɗakin nan ta girma da shi. Sunan da ya ɓace mata ma ga shi: furuktos.

Ta sunkuya ta taɓa ƙafafun mahaifinta, yadda ake girmama na gaba a al'adarsu, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Tashi, kar ki ƙona min sukari," ya ce, yana goge ido da tawul. Ya ɗora wa hayaƙi laifi.

Akwai ɗan ɗakin ajiya a gefen murhu, buhunan fulawa da taga guda. Ta shigar da kwalin, ta jawo buhu ta zauna. Daga gaban shago wani yana ta ƙwala kiran a zo a auna masa jalebi.

Ta tura ƙofar ta rufe.

"Baba," ta ce ta bayan ƙyaure, "zan zauna jarrabawar Afrilu. Amma a nan zan yi karatun."