Motar Kaka Zarwali

"Ku tura mana! Ba ku karya ba ne?" Kaka Zarwali ya faɗa daga kujerar baya, muryarsa da kyar take fita daga cikin bargo.

Maza shida na layinmu suka dafa tsohuwar motarsa mai shan dizal. Ta yi tari, ta fesa farin hayaƙi, ta mutu. Likitocin birninmu Kwetta, a Pakistan, sun riga sun sallame shi, shi kuwa ya ce ba zai cika ko'ina ba sai ƙauyensu, kusa da kabarin matarsa. Ga dusar ƙanƙara tana shirin rufe hanya.

Raina ya ɓaci. Duk hunturu haka ake yi: a zuba wa inji ruwan zafi, a tura, a sha shayi, a watse. Na gaji da gaya musu fulogin hita mai ɗumama inji ne ya mutu, sai su ce Allah ya kawo bazara.

"Ku matsa!" na ce, na buɗe bonet.

"To, injiniya ya iso," in ji Lala Shirindil mai gurasa. "A shimfiɗa masa darduma."

Na kwance fulogan, na riƙa jona kowanne da batir. Biyu suka yi ja kamar garwashi. Biyu ko ɗumi ba su yi ba. Na ɗauko sababbin da na saya masa tun bara ya ƙi karɓa, na ɗaura.

"Aikin da bai kai shan shayi ba, Kaka! Shi kuka bari shekara da shekaru."

"Na san waɗanda suka mutu, ɗana," ya ce. "Na uku da na huɗu. Amma tun da matata Bibi ta rasu, wa zai ƙwanƙwasa ƙofar tsoho da sassafe in motarsa tana tashi da kanta?"

Lala Shirindil ya juya yana gyara rawaninsa.

Ɗan Kaka Zarwali, wanda zai tuƙa motar, ya murɗa makulli, ya jira, ya sake murɗawa. Bugu ɗaya ta tashi.

Kaka Zarwali ya isa ƙauyen da ransa, a can ya cika ranar Juma'a. Amma a safiyar nan, da motar ta fara tafiya, ba wanda ya ɗauke hannunsa daga jikinta. Haka muka bi ta a hankali har bakin titi, shi kuma ya jingina goshinsa da gilashi yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya.