Hannun Jibrilla Wake-wake

Shekara ashirin Jibrilla yana gasa tsire a bakin tashar Dogon Dutsi. Ni kuma a tashar na tsufa ina lodin motocin Yamai, don haka a gabana aka yi komai.

Albaras ya fara masa a gefen baki, ya sauka hannu. Fari fat, ba ƙaiƙayi ba ciwo. Amma mutanenmu ba sa cin nama daga hannun da ya sake launi. Ba wanda ya ce masa uffan. A gaishe shi da kyau, a tambayi iyali, a wuce tukubar Sambo a sayi tsire. Har ma'aikatan gwamnati, masu karatun nan.

Matarsa Afra'u ta kai shi wurin wata tsohuwa mai bori a Kore Mairuwa. Tsohuwa ta ce aljana doguwa ce ta shafe shi, sai an ba ta kaza wake-wake, mai fari da baƙi. Aka ba da kaza. Sati na zagayowa sai ga Jibrilla wurina da jaka.

"Baba, in an tambaya, ka ce na tahi cirani."

Wata huɗu ya yi a Yamai wurin ƙanensa, yana zuwa asibiti. Na bi shi asibitin sau ɗaya. Sau uku a sati ake sa shi cikin wani akwati mai dogayen fitilu, da baƙin tabarau, minti biyu a fito da shi. Na ce ikon Allah, mutumin Arewa ya baro rana kyauta ya zo birni neman haske. Lokotoron, wata mace ce, ta yi dariya ta ce ranarmu ba ta da awo, ƙona farar fata take yi. Ta ce ƙwayoyin da ke ba fata baƙinta ba su ƙare duka ba, akwai sauran iri kwance a gindin gashi. Hasken nan ke tashinsu, su hayayyafa, su bazu. Kamar gero ne, in ji ta, rami-rami yake fitowa kafin ya rufe gona.

Haka kuwa ya dawo gida, baƙaƙen ɗige-ɗige cikin farin, kowane a gindin gashi. Afra'u ta duba hannun ta ce, "Kalar kazar ce sak." Kafin la'asar kasuwa ta ji cewa doguwa ta karɓi kazarta, tana maido masa fatarsa. Layi ya dawo tukuba, ma'aikata a gaba.

Na ce, "Ba za ka gaya musu gaskiya ba?"

"In ce mi, Baba? Aikin lokotoro ne? Sai su duba yatsuna su ce da saura. Doguwa kuwa in ta yahe, ta yahe duka."

Ranar Juma'a wani makiyayi ya zo daga Tibiri, ya ja rawani ya rufe fuska, farin albaras ya zagaye masa ido. Ya tambayi Jibrilla wace irin kaza ake bayarwa. Masu saye suka kasa kunne.

"Wake-wake," in ji Jibrilla da ƙarfi.

Ya zare masa tsire biyu. Bai taɓa tarin takardun siminti da yake naɗi da su ba, wata ya zaro daga aljihu ya naɗe naman. Ya rage murya.

"Ci naman, kar ka yar da takardar. Ka kai ma Baba can."

Karatuna bai kai in karanta ta ba, amma ko cikin maiƙo da yaji na gane hatimin asibitin. Na ajiye wa makiyayin kujerar gaba a motar Yamai ta safe.