Faɗuwar Guduma ta Ƙarshe

Ina cikin ɗinke hannun wata riga na ji wani abu ya faɗi tim a saman kaina, har ƙasa ta zubo daga silin a kan keken ɗinkina. Shagona a ƙasa yake, ɗakin Baba Guduma a sama. Ko takalmi ban tsaya sakawa ba na haye bene.

Na same shi kwance tsakanin gado da tebur, goshinsa yana jini. Maza uku ne tsaye a kansa: mai askin layinmu, da Bakanike, da ƙanin matar mai askin, wanda ake kira Ɗan Jarida saboda ba shi da aiki sai ɗaukar mutane a waya. Har lokacin wayar tana hannunsa, ya saita ta kan tsohon.

"Sauke wayar nan kafin in tattake ta," na ce masa.

"Anti, ba mu muka ture shi ba fa. Cewa kawai muka yi ya tashi ya nuna mana naushin nan nasa na hagu."

Shekara arba'in da suka wuce, Baba Guduma ne zakaran damben zamani na ƙasa, ajin masu nauyi. Ni ban ga wannan zamani ba. Wanda na sani ƙaton tsoho ne mai rawar hannu, maganarsa a dunƙule, wani lokaci ya dubi 'yarsa ya tambaye ta ko ta ga 'yarsa. Likita ya ce naushin da kansa ya sha ne ya taru masa.

A shagon aski kuwa, da ke jikin nawa, har yau shekararsa ashirin da biyar. Tun da aka yi sabon zakara, wani dogo da ake wa laƙabi da Katanga, musu ɗaya suke yi safe da yamma, ina jin su ta bango.

"Da za a haɗa su kowa yana ganiyarsa, Katanga ba zai ga zagaye na uku ba," in ji mai aski.

"Kai dai ka tsaya kan almakashinka," in ji Bakanike. "Katanga ya fi shi tsawon hannu. Kafin Guduma ya matso an gyara masa fuska."

Mai aski ya ce, "Mutanen wancan zamani zagaye goma sha biyar suke yi. Naku na yanzu sha biyu ma da haki suke gamawa."

Shekara biyu suna wannan, babu wanda ya taɓa hawa matakala goma sha biyun nan ya ce da shi sannu. Sai ranar da musu ya ƙi ƙarewa, suka jira 'yarsa ta tafi kantin maganin da take aiki, suka hau a raba musu gardama.

Na danne masa goshi da ƙyallen da ke wuyana, na sa Bakanike ya kira 'yar Baba. Da ta shigo ba ta yi kuka ba. Ta durƙusa ta tallafi kan mahaifinta, sannan ta ɗago ta dubi mai aski.

"Kawu, wata nawa ina roƙonka ka hawo ka yi masa aski? Kullum sai ka ce gwiwa. Yau gwiwar ta warke?"

Ɗan Jarida ne ya buɗe baki, wai su don girmamawa suka zo, duniya ta manta da Baba.

"Mutumin da sai na riƙe shi yake zuwa banɗaki," ta ce, "shi za ka sa ya kai naushi? Fita."

A nan ne tsohon ya buɗe ido. Ya daɗe yana haɗa maganar kafin ta fito.

"Yaron nan da kuke faɗa. Yana da 'ya'ya?"

"Biyu, Baba," in ji Bakanike a hankali.

"Ku ce masa ya bari tun yana iya riƙe cokali."

Mu huɗu muka sauko da shi a kan bargo, bayana ya yi kwana uku yana ciwo. A asibiti aka ce ƙashin ƙugu ya karye, kuma jini ya taru a kansa. Rana ta huɗu da hantsi ya cika, 'yarsa tana goge masa baki da auduga.

Washegarin da aka binne shi wata mai kawo mini ɗinki ta nuna mini wayarta. Ga Baba Guduma a tsaye cikin singileti, yana layi, hannun hagu ya tafi cikin iska. An yanke faɗuwar, babu kuma maganar cokali. A sama an rubuta: Guduma da Katanga, wa zai ci? Ƙasa kuwa ɗaruruwan mutane suna ta zagin juna.

Na shiga shagon aski da wayar a hannuna. Ana yi wa wani gyaran gemu.

"Ka goge shi," na ce da Ɗan Jarida.

"Anti, ya riga ya yaɗu. Ko na goge..."

"Goge shi ina kallo."

Ya goge. Mai aski ya ce, "Wallahi mun yi rashin jarumi."

"Ku ba ku yi rashin kowa ba," na ce. "Naku ai yana nan, shekararsa ashirin da biyar. Ku ci gaba."

Kwana biyu ban ji muryarsu ta bango ba. A na uku suka dawo, ƙasa-ƙasa, wannan karon kan wasu zakaru biyu na ƙasashen waje. Na ƙara wa keke gudu.

A ƙarshen watan, 'yar Baba Guduma ta tashi daga ɗakin. Ta jera kayansa a gindin matakala, duk mai so ya ɗauka. Riguna suka tafi, rediyo ya tafi, har kujerar roba. Da yamma na fito rufe shago, saura takalmansa baƙaƙe, ta goge su tas. Mutum uku sun gwada, duk sun yi musu yawa.