Wanda Ya Zauna a Ƙofar Gidanmu

"Ki sa sakata," in ji Baba Sylvester. "Ko me kika ji, kar ki buɗe."

Benci yake ja daga shagonsa, ya tsallako titi da shi yana haki, ƙafar bencin tana kartar kwalta. Tsoho ne da ya ba tamanin baya, daga shi sai singileti da zani a ƙugu. Ya gicciya bencin a bakin ƙofarmu, ya zauna, ya jingina da ƙyauren.

"Baba, don girman Allah ka koma shago. Waɗannan ba yaran da ka sani ba ne."

"Yagana, akwai yaron da ban san ubansa ba a Fagge? Ina Baffa?"

"Yana ɗaki."

"To ya zauna a ɗakin. Ki ce in ji ni, in ya leƙo sai na ci masa mutunci."

Baffa ɗana ne, shi kaɗai Allah ya bar mini. Yana da ɗan teburin atamfa a Kantin Kwari, amma bai tsaya a nan ba, sai da ya shiga 'yan sintirin unguwa, duk da roƙon da na yi masa. A satin nan suka kama wani mai ƙwacen waya da ya yanki wata yarinya a hannu, suka miƙa shi ga 'yan sanda. Ranar da la'asar mai shayin bakin titi ya shigo a guje, ya ce abokan ɓarawon sun taho, kuma sunan Baffa suke kira. Gidanmu ƙofa ɗaya gare shi. Ta baya wata doguwar plaza ce ta tokare mu, ko ƙadangare ba zai haura ba.

Layin Kananzir ake ce wa layinmu, nan kan iyakar Fagge da Sabon Gari. Mahaifin Baba Sylvester ne ya buɗe shagon farko, lokacin babu komai a wurin sai kududdufi da gonar rogo. Kananzir yake sayarwa da lagwani da ƙwan fitila. Mahaifina, Alhaji Gana, ya zo daga Borno da bandar kifi, ya gina gida yana kallon shagon. Daga baya Sale ya kawo injin niƙa, teloli suka biyo, sai mai gyaran keke. A bayan shagon nan aka haifi Baba Sylvester, kuma Hausarsa ta fi tamu fita, har yakan kwaikwayi maganar mahaifina don ya tsokane mu. Duk wannan tarihin daga bakinsa na ji, ba don na tambaya ba. Ki je sayen ashana, kafin ya sake ki miya ta ƙone.

Labarin da ya fi so shi ne na wani rikici da aka yi ina yarinya. An taho ƙona shagonsa da galan na fetur. Shi da matarsa, Mama Uju, da jaririyarsu suna ƙarƙashin gadon Innarmu. Mahaifina ya shimfiɗa buzu a ƙofar shagon ya zauna da carbinsa. Da suka iso ya riƙa duban fuskokinsu yana cewa, "Kai ɗan Malam Iro, babanka ya san kana nan? Kai kuma jikan Sale, fetur ɗin na waye?" Kunya ta kama su, suka riƙa sulalewa har ba kowa. Tun daga ranar Baba Sylvester ya riƙe abu ɗaya a ransa: in tsoho ya zauna a ƙofa, ba mai tsallake shi.

Na sa sakata, na liƙa idona a tsagar ƙyaure. Sauran shagunan layin duk sun rufe. Maza majiya ƙarfi, masu sayar da caja da masu POS, kowa ya shige ya ja ƙofa. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Ƙarar adda a kan kwalta na fara ji kafin na gan su. Suna da yawa, wasu sun ɗaure fuska da ƙyalle, idanu jawur. Na gabansu dogo ne, yana riƙe da barandami.

"Sannunku, samari," in ji Baba. "Wa ake nema?"

"Tsoho, matsa. Ina ɗan iskan nan Baffa?"

"Nan gidan Alhaji Gana ne. Ba a shigarsa da makami." Ya ƙura wa dogon ido. "Kai ɗan wane ne? Ka yi mini kama da mutanen gidan Sale mai niƙa."

"Wane Sale? Kai, ku ji Inyamurin nan, wai tarihi zai ba mu!"

Suka kwashe da dariya. Na ga kan Baba yana juyawa a hankali, yana bin su ɗaya ɗaya da kallo. Ya duba na dama, ya duba na hagu, ya koma kan dogon.

"Ashe ku ba 'yan nan ba ne," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa.

Na yi zaton zai tashi. Wallahi da ya tashi ba zan ga laifinsa ba. Sai ya zura hannunsa cikin ƙarfen da ke jikin ƙyauren har zuwa gwiwar hannu, ya maƙale.

Gora ta farko a kafaɗa ta same shi, ƙyauren ya girgiza ya bugi goshina. Ta biyu ban gan ta ba, domin Baffa ya fito daga ɗaki da taɓarya a hannu. Na zube a ƙasa na rungume ƙafafunsa, bayana a jikin ƙofa.

"Inna, sake ni! Kashe shi za su yi!"

"Sai dai ka taka ni ka wuce. In ka taɓa sakatar nan ban yafe maka nonona ba!"

Daga waje Baba ya ɗaga murya, "Yagana, riƙe shi!"

Na riƙe shi. Kowane duka a bayana nake jin sa ta cikin ƙyaure. Suna jan ƙafar Baba suna zagi, wani yana cewa a sare hannun kawai. Na ji adda ta sauka a kan ƙarfe, na ji ta sauka a kan abin da ba ƙarfe ba. Baba ya daina Hausa, ya koma kiran Ubangiji da yarensu. Wani abu mai ɗumi ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa ya jiƙa mini zani. Baffa yana kuka kamar yaron goye yana dukan bango da kansa, ni kuwa ban sassauta ba.

Usur ɗin 'yan sintiri ne ya kore su, da mutanen da suka fito daga masallaci da duwatsu. Suka watse ta lungu, suna saran duk abin da suka tarar.

Da na zare sakata sai Baba ya faɗo ciki, kansa a cinyata. Ba zan faɗi yadda hannun ya koma ba. Ya buɗe ido ɗaya.

"Ya fito?"

"Bai fito ba, Baba."

"Yawwa. Ke ma ashe 'yar Gana ce."

A cikin adaidaita ya cika, ba mu kai asibiti ba. Na ji haushinsa, na ji haushin mahaifina da ya koya masa wannan zaman, kuma na gode wa Allah ɗana yana numfashi. Duk a lokaci ɗaya.

Mama Uju tana taron mata a cocinsu a Sabon Gari aka kai mata labari. Daga asibiti ba ta nufi ɗakinta ba, gidanmu ta shigo dab da magariba, ta tsallake ruwan da na wanke zaure da shi. Na kasa haɗa ido da ita.

"Ina yaron?"

Baffa ya durƙusa a gabanta. Ta kama kansa ta juya shi, ta ɗaga rigarsa ta duba baya, ta duba hannuwa.

"Ba su taɓa ka ba?"

"Ba su taɓa ni ba, Mama."

"To." Ta zauna a dokin ƙofa, ta ɗora jakarta a cinya. "Je ka rufe masa shago. A buɗe ya bar shi."

Shagon ba shi da ƙofar ƙarfe. Katakai ne ake jerawa a cikin wani siririn rami, ɗaya bayan ɗaya, yadda mahaifin Baba ya kafa shi. Baffa ya ɗauko na farko, ya ƙi shiga. Ya juya shi, ya sake gwadawa.

"Ba wannan ba," in ji Mama Uju daga inda take zaune. "Gajeren tukuna."